Atishawar kyarkeci: ƙuri'a ce ko ƙura ce a hanci?

Baban Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wani abu da ya hana ni sakat tun jiya. Ashe kyarkeci, karen dawan nan mai dabbare-dabbare da manyan kunnuwa, ba ya fita farauta sai garke ya kaɗa ƙuri'a, kuma da atishawa suke kaɗa ta. Ba wasa nake ba. A yankin Okabango na ƙasar Botswana aka yi binciken, aka wallafa shi a 2017. Masu binciken sun bi garke 5, suka shaida gangami 68, irin wanda karnukan ke yi in sun tashi daga barcin rana: gaishe-gaishe, tsalle-tsalle, lasar bakin juna. Wani gangamin ya ƙare da fita farauta, wani kuma kowa ya koma ya miƙe ƙafa. Da aka duba me ya raba su, sai aka ga yawan atishawa ne. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, in shugaban garke ne ko uwar garke ta ta da gangamin, atishawa kamar 3 ta isa a tafi. In talakan kare ne ya tayar, sai an kai wajen 10. To jama'a, mene ne wannan in ba zaɓe ba?

Malam Ilu: Wa alaikumus salam. Baban Hanif, kare ya yini kwance cikin ƙura, ya tashi ya yi atishawa. Ina abin mamaki? Wanda ya fi shirin tafiya shi ya fi zumuɗi, mai zumuɗi shi ke ta da ƙura, ƙura kuma hanci take shiga. In karnuka da yawa sun wartsake, atishawa za ta yi yawa, kuma za a tafi. Amma ba ita ta sa aka tafi ba. Zakara na cara gari ya waye, ai ba shi ke fito da rana ba.

Auta: Malam ya shigo da zafinsa. Ni dai na samu wuri na zauna.

Ummu Khalil: Kafin a yi nisa, kyarkeci ba shi ne dabban nan na ƙasashen sanyi mai kuka da dare ba? Na ga haka ake fassara shi.

Baban Hanif: Ana aron sunan a ba wancan ma, Hajiya. Amma wanda nake nufi na dajin Afirka ne, mai launi uku, baƙi da fari da ruwan ƙasa, yana farauta da safe da yamma cikin garke.

Dakta Zulai: Malam Ilu, ranka ya daɗe, a rabi ina tare da kai. Binciken Botswana kallo ne da ƙirga, ba gwaji ba ne. Ba su naɗi atishawa sun kunna wa karnukan don su ga ko za su tashi ba, kuma su kansu masu binciken ba su rufe ƙofar cewa share hanci ne kafin farauta ba. Inda na rabu da kai shi ne batun 3 da 10. Ƙura ba ta san wa ya ta da gangami ba. Me zai sa ta shiga hanci sau 10 in ƙaramin kare ne ya tayar, sau 3 in babba ne?

Malam Ilu: Sauƙi ne da shi, Dakta. In mai gida ya miƙe, kowa na miƙewa nan take, ba a samu lokacin yin atishawa da yawa ba. In yaro ne ya miƙe, sai a yi ta jan ƙafa, lokaci na tafiya, atishawa na taruwa. Kin ga ƙura ta san agogo ko da ba ta san sarauta ba. Kuma ko da na yarda da ku, abin da kuka kawo ba zaɓe ba ne. Zaɓen da muryar mutum ɗaya ke rage adadin da ake nema daga 10 zuwa 3, ai sarauta ce ta yi wanka ta sa kayan zaɓe.

Baban Hanif: Amma Malam, ka lura da ɗaya gefen. Ko shugaba ba ya so, in sauran suka kai 10 ana tafiya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Injiniya Sabo: Ku bar ni in sa baki daga ɓangarena. Ina ganin kalmar "zaɓe" ce ke haɗa ku faɗa. Malam na jin an ce kare ya zauna ya yi nazari ya yanke shawara, sannan ya yi atishawa da niyya. Ba sai an je nan ba. A ɗauka kowane kare yana da doka ɗaya tak a kansa: ba zan bar inuwar nan ba sai na ji alamar cewa isassun 'yan'uwana sun shirya. Ko atishawar ba da gangan ake yin ta ba, in dai masu saurare suna amfani da ita wajen auna shirin juna, ta zama saƙo. Hamma ba da niyya kake yi ba, amma in mutum biyar suka yi hamma a wurin hira, mai gida ya san lokacin sallama ya yi. Tambayar da ta dace ita ce ko masu ji suna canza halinsu saboda sautin, ba ko mai yin sautin ya yi niyya ba.

Malam Ilu: To shi ne nake cewa a nuna min. A cire ƙurar, a cire zumuɗin, a bar sautin shi kaɗai, in ga ya motsa dabba.

Dakta Zulai: An yi, Malam, sai dai ba a kan kyarkeci ba. A dajin Amboseli na Kenya aka yi, aka wallafa tun 1980. Akwai wani biri mai baƙar fuska, masana na ce masa vervet. Wani mai bincike, Thomas Struhsaker, ya lura tun a shekarun 1960 cewa kukansu na gargaɗi ba iri ɗaya ba ne: daban na damisa, daban na gaggafa, daban na maciji. Mutane suka yi irin maganarka, suka ce ai birin ya ga damisar ne da idonsa shi ya sa ya gudu, kukan tsoro ne kawai. Sai Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler suka naɗi kukan, suka ɓoye lasifika a cikin ciyawa, suka jira lokacin da babu damisa babu gaggafa babu komai, suka kunna. In suka kunna na damisa, birai su ruga kan bishiya. Na gaggafa, su ɗaga kai sama ko su faɗa cikin duhuwar ƙananan itatuwa. Na maciji, su miƙe kan ƙafa biyu suna duba ƙasa. Ka lura, hawa ƙololuwar bishiya ceto ne daga damisa amma halaka ne in gaggafa ce, don haka kuskuren fahimta a nan rai yake ci. Sauti ne kaɗai, kuma kowanne ya jawo martaninsa.

Wani abin daɗi kuma: 'ya'yansu na kuskure. Ɗan biri kan yi kukan gaggafa in ya ga kowane irin tsuntsu, har ganye mai faɗowa. Amma a rukunin abin sama yake kuskurensa, ba ya yi wa tsuntsu kukan maciji. Da girma yake tace shi.

Malam Ilu: Wannan na karɓa, gwaji ne mai kyau. Amma gargaɗi ne, ba shawara ba. "Ga damisa" daban, "mu tashi mu koma gabas" daban.

Dakta Zulai: Gaskiyarka. To mu je hamadar Kalahari. Akwai ɗan ƙaramin dabba dangin tunku, mirkat, wanda kuke gani a bidiyo yana tsaye kan ƙafa biyu kamar mai gadi. Tun 1993 ake bin garkunansu kullum a wani wuri kusa da kogin Kuruman a Afirka ta Kudu, aikin da Tim Clutton-Brock ya fara, Marta Manser ta jami'ar Zurich kuma ta shafe shekaru kan muryoyinsu. Kawunansu a ƙasa suke yini suna tonon kunama da tsutsa, ba sa ganin juna sosai, da murya suke riƙe juna. Suna da wani kuka na musamman da ɗaya ke yi in wurin da yake tono ya ƙare masa. A binciken da aka fitar a 2011 an ga cewa in ɗaya ne ya yi shi, garke ba ya damuwa. Sai biyu, galibi ma uku sun yi, sannan kowa ya ƙara sauri a bar wurin. Ka ga hikimar: ɗaya zai iya zama mai rashin sa'a ne kawai, amma in uku suka ce babu abinci, to da gaske wurin ya ƙare. Ba a bar mutum ɗaya ya ta da jama'a ba, ba a kuma jira sai kowa ya galabaita ba.

Injiniya Sabo: Abin da nake faɗa ke nan. Adadi ne da ke tace kuskure. Mu ma in na'ura ɗaya ta yi ƙara ba ma kashe inji, sai biyu cikin uku sun yarda.

Ummu Khalil: Shi mai gadin fa, me yake cewa in yana tsaye?

Dakta Zulai: Yana ta ɗan yin wani sauti a hankali a kai a kai, ma'anarsa dai "ina nan, lafiya lau". Muddin masu tono na jin sa, ba sa yawan ɗaga kai. In ya hango abu kuma kukan gargaɗinsa na ɗauke da abu biyu: daga sama ne ko daga ƙasa, sannan yaya kusancinsa.

Auta: Yaya Dakta, to ba a maguɗi? In ni ne mirkat, sai in yi ihun ƙarya kowa ya shige rami in kwashe ganima.

Dakta Zulai: Auta, an riga ka. Akwai baƙin tsuntsu mai wutsiya rabe biyu a Kalahari, ana ce masa dorongo. Yakan zauna kusa da mirkat yana yi musu gadi na gaskiya, har su saba da shi. Ranar da ya ga ɗaya ya tono abu mai tsoka sai ya yi gargaɗin ƙarya, mirkat ya yar ya gudu, shi kuma ya sauko ya ɗauke. Tom Flower ya nuna cewa har kwaikwayon kukan gargaɗin wasu dabbobi yake yi, da na mirkat ɗin kansa, kuma in ya ga an daina kula wani kuka sai ya sauya wani. A cikin masu shayarwa kuma, an ga wasu ƙananan birai a dajin Iguwazu na Ajantina: in aka zuba ayaba a wuri ɗaya manya suka mamaye, ƙanana ne suka fi yin gargaɗin ƙarya, in an watse su wawura.

Sai dai ƙarya na da kuɗinta. Cheney da Seyfarth sun yi ta kunna kukan biri guda na cewa ga baƙin garke, alhali ba kowa. Bayan ɗan lokaci sauran suka daina kula shi, amma in aka kunna muryar wani birin daban sai su waiwaya. Wato suna riƙe da wa ya faɗa, ba me aka faɗa kaɗai ba.

Baban Hanif: Malam, ka ji fa. Har sun san maƙaryaci.

Malam Ilu: Na ji. Ni ma bari in kawo nawa, kada a ce gardama kawai na iya. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Balin, Hans, wanda aka ce ya iya lissafi. A tambaye shi 3 da 4, ya buga kofato sau 7. Manyan mutane suka shaida. Sai a 1907 wani mai suna Oskar Pfungst ya bayyana cewa dokin fuskar mai tambaya yake karantawa: in ya kai amsar, jikin mutumin kan ɗan saki ba tare da ya sani ba, sai dokin ya tsaya. In mai tambayar bai san amsar ba, ko an rufe wa dokin ido, shi ke nan lissafi ya ƙare. Darasin da na ɗauka shi ne ɗan Adam na son ganin kansa a jikin dabba. Mai son dimokuraɗiyya zai je daji ya ga ƙuri'a. Da mai son sarauta aka tura, fada zai gani da fadawa.

Injiniya Sabo: Malam, amma Hans ɗin nan naka ai ya fi ƙarfafa maganarmu. Dabba ce da ke karanta motsin da mutane kansu ba su lura da shi ba. In doki zai iya haka da baƙon jinsi, ina ga 'yan'uwansa?

Malam Ilu: Karatun jiki na yarda da shi. Majalisa ce ban yarda da ita ba.

Dakta Zulai: To bari in ba Malam makami da hannuna, don adalci. A 2021 an fitar da bincike kan awaki masu yawo da kansu a Namibiya. An rataya musu na'urar GPS da mai auna inda jiki ya fuskanta, ana neman ko suna "nuna" alƙiblar da suke so kafin a tashi. Ba a samu ba. Abin da aka samu shi ne kwaikwayo zalla: wata ta fara tafiya, ta kusa ta bi, ta kusa da ita ta bi. Kuma cikin masu wannan aikin har da Andrew King, wanda yake cikin masu binciken atishawar. Ba ko'ina suke ganin ƙuri'a ba.

Malam Ilu: Alhamdulillahi. Akuya ta wanke ni.

Auta: Malam ya ci ɗaya, saura a ga ƙarshen wasa.

Dakta Zulai: Kada ka yi saurin murna, ranka ya daɗe. Dalilin da ya sa aka je neman wannan a awaki shi ne an taɓa ganin sa a ɓauna. Herbert Prins ya daɗe yana kallon ɓauna a Manyara ta Tanzaniya. Da yamma garke na kwance, sai mace ta miƙe, ta ɗan gyara tsayuwa, ta ɗaga kai ta zuba wa wata alƙibla ido, ta koma ta kwanta. Wata ma ta yi haka. Ya daɗe yana ɗauka miƙa suke yi. Da ya fara rubuta inda kowacce ta kalla, sai ya ga in garke ya tashi daga baya, matsakaicin waɗannan alƙiblu yake bi. Manyan mata ne ke yi. In ra'ayi ya rabu gida biyu sosai, garken kan rabu a wannan daren.

Injiniya Sabo: Na lura da wani abu a duk misalan nan. Inda aka yi amfani da sauti, kyarkeci da mirkat, maganar "yaushe" ce: mu tashi yanzu ko mu ƙara jira. Inda maganar "ina" ce, ɓauna da awaki, jiki ne ke magana. Kuma da dalili. Sauti na isa kunnen kowa lokaci guda ko yana bayan kurmi, yana da sauƙin ƙirgawa, amma da wuya ya nuna gabas ko yamma. Ƙafa kuwa tana nuna hanya.

Dakta Zulai: Ka taɓo wuri mai kyau, Injiniya, ga kuma abin da zai ƙara maka ƙarfi. A Mpala ta Kenya an sa wa gwaggon biri 25 na garke ɗaya abin wuya mai GPS, yana rubuta inda kowanne yake duk daƙiƙa. Sakamakon ya fito a 2015. Gwaggon biri dabba ce mai tsananin girman-kai da matsayi, babban namiji na ƙwace abinci da wurin zama yadda ya so. Kowa ya zaci shi ke jan garke. Ashe a'a. Matsayi bai sa a fi bin ka ba. Abin da ke sa a bi ka shi ne ku yi yawa a alƙibla ɗaya. In ƙungiya biyu suka ja, kuma tazarar hanyoyinsu ba ta kai kusurwa mai digiri 90 ba, sai masu bi su ratsa tsakiya. In ta wuce haka, tsakiya ba ta da amfani, sai su zaɓi ɓangaren da ya fi yawa.

Baban Hanif: Malam, ina sarautar taka a nan?

Malam Ilu: Tana wurin cin abinci, inda take da amfani. Ku kuka ce matsayi na rage ƙuri'a a kyarkeci, yanzu kuma kun ce ba ya komai a biri. Ku tsaya wuri ɗaya mana.

Dakta Zulai: Ba mu muke yawo ba, dabbobin ne suka bambanta. A garken kyarkeci galibi uwa ɗaya da uba ɗaya ke haihuwa, saura yawanci 'ya'ya ne da 'yan'uwa masu taya reno, don haka muryar iyayen na da nauyi. Garken gwaggon biri kuwa gidaje ne da yawa da maza baƙi da suka shigo daga waje, kowa da buƙatarsa.

Ummu Khalil: Ni tambayata daban ce. Duk kuna maganar yawa. To in masu yawan ba su san hanya ba fa? Ba a barin wanda ya sani ya ja gaba? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Dakta Zulai: Hajiya, kin kawo mu gidan giwa. Garken giwa na mata ne da 'ya'yansu, babbar uwa ke gaba. A farin 1993 a Tarangire ta Tanzaniya, gidajen da suka bar dajin suka tafi neman ruwa da ciyawa nesa sun fi tsira da 'ya'yansu, kuma su ne masu tsofaffin uwaye, waɗanda shekarunsu suka kai a ce sun ga babban farin 1958 zuwa 1961. Gidan da ya zauna, uwarsa ba ta kai waɗannan shekaru ba. A Amboseli kuma Karen McComb ta kunna wa gidaje rurin zaki. Gidajen da uwarsu ta kai shekara 60 su suka fi gane cewa rurin namiji ya fi na mace haɗari, suka fi saurin dunƙulewa su kewaye ƙanana. Da kunne tsohuwar ta gane.

Amma ko a nan ba umarni ba ne tsagwaronsa. Joyce Poole ta bayyana wani gurnani da ta fassara da "mu tafi". Giwa ta koma gefen garke, ta fuskanci inda take so, wani lokaci ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gurnanin tana kaɗa kunnuwa, ta jira, ta sake. Tana iya shafe tsawon lokaci tana maimaitawa kafin a kula ta, kuma ba babbar uwa kaɗai ke yi ba. Roƙo ne da naci. Ka ga a nan an haɗa biyun da Injiniya ya raba: murya ta ce yanzu, jiki ya ce can.

Auta: Na kalli bidiyon giwaye da yawa, ban taɓa jin wannan ba sai ƙarar hancin nan kamar kakaki.

Injiniya Sabo: Ba za ka ji duka ba, ƙanena. Kunnen mutum na tsayawa a sautin da ke kaɗawa wajen sau 20 a daƙiƙa, gindin gurnanin giwa kuwa yakan sauka ƙasa da haka. A 1984 Katy Payne na tsaye kusa da giwaye a gidan namun daji na Fotland a Amurka, ta ji iska na rawa a jikinta ba tare da ta ji sauti ba, daga nan aka gano. Sauti mai kauri haka ba ya saurin mutuwa, yana tafiya kilomita da dama. Kana kallon giwaye shiru, ashe ana ta magana ta kanka.

Abu Maryam: Salam. Na shigo a makare. Ku duba zuma mana, ai ita ce uwar masu zaɓe, rawa suke yi kafin su zaɓi sabon gida. Da shugabanninmu za su yi koyi da

Mai Zaure: Abu Maryam, barka da zuwa. Zuma ba ta shayarwa, mu kuwa kan dabbobi masu shayarwa muke magana, siyasa kuma dokar zaure ta hana. A ci gaba.

Ummu Khalil: Na ga an ce giwaye har suna suke kiran juna da shi. Gaskiya ne?

Dakta Zulai: Binciken 2024 ne, na Michael Pardo da abokan aikinsa, a Samburu da Amboseli. Sun tara gurnani 469 da aka san wa ya yi kuma wa aka yi wa, suka ba kwamfuta ta koya. Ta iya faɗar wanda ake kira a kashi 27.5 cikin 100.

Malam Ilu: Kashi 27? Ɗalibin da ya ci 27 ai ya faɗi warwas.

Dakta Zulai: In tambayar eh ko a'a ce, ya faɗi. Amma nan zaɓi ne cikin giwaye masu yawa, kuma da aka hautsina bayanan kashi 8 kawai ta samu. Sannan ba kowane gurnani ne zai ɗauki suna ba, kai ma ba kowace jimla kake ambatar sunan wanda kake wa magana ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne gwajin lasifika, irin wanda kake so: an kunna wa giwaye 17, kowacce ta ji gurnanin da asali ita aka yi wa, da wanda mai kira ɗaya ta yi wa wata. Sun fi saurin amsawa da matsowa in nasu ne.

Baban Hanif: Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Dakta Zulai: Dolfin, dabbar nan ta teku mai shayarwa, shi ma na da nasa, tun shekarun 1960 aka san kowanne na da fito na kansa, kuma 'yan'uwansa na kwaikwayon fiton in suna neman sa. Bambancin shi ne ga alama giwa ba kwaikwayon muryar wanda take kira take yi ba.

Malam Ilu: To ƙirgan fa? Kun ce 3, kun ce 10. Wa ya ce dabba na ƙirga murya?

Dakta Zulai: Zakanya. A Serengeti, McComb da Craig Packer da Anne Pusey sun kunna wa zakoki mata rurin baƙuwa ɗaya ko na baƙi uku a cikin yankinsu, aka wallafa a 1994. In ɗaya ce, sun fi tunkara. In uku ne, sai su yi jinkiri, kuma tunkararsu na ƙaruwa gwargwadon yawansu su kansu. Wasu kan yi ruri su kira 'yan'uwa tukuna. Wato suna auna namu nawa, nasu nawa. An yi makamancin haka da kuraye a Masai Mara, su ma sun bambance murya ɗaya da biyu da uku. Ba lissafin allo ba ne, amma ya isa abin da ake bukata.

Malam Ilu: Zan faɗi inda na tsaya. Sauti na ɗauke da saƙo, na yarda. Suna auna yawa, na yarda, zakanya ta gamsar da ni. Mirkat, na ba ku. Amma ga abin da ya rage min: zaɓe na gaske yana da "a'a". A duk abin da kuka kawo, masu "eh" ne ke magana. Karen da bai yi atishawa ba, ya ƙi ne, ko barci yake, ko hancinsa ne a wanke? Ba ku da hanyar rabewa. Shi ya sa har yanzu kyarkecin Baban Hanif na hannuna, sai ranar da aka kai lasifika Okabango.

Injiniya Sabo: A tsarin cika adadi, shiru shi ne a'a, Malam. Ba a buƙatar wani sauti dabam. Gangamin da ya watse kowa ya koma inuwa, an kayar da shi ke nan.

Malam Ilu: An kayar da shi, ko ba a taɓa tsayar da shi ba. Ba ɗaya ba ne.

Dakta Zulai: Akwai inda ake ganin ja-in-ja da ido. Hal Whitehead ya bi sawun garkunan wel mai ƙaton kai, babbar dabbar ruwa mai shayarwa, a tekun Pasifik yana auna yadda suke sauya alƙibla. Da a ce ɗaya ke ba da umarni, da juyi zai zama kaifi ɗaya. Abin da ya gani a lokuta da yawa shi ne juyi a hankali, a hargitse, wasu sun karkata nan wasu can, har akan shafe awa guda ko fiye kafin garke ya daidaita kan hanya ɗaya. Wanda ya ci gaba da iyo inda yake so alhali saura sun juya, ba barci yake ba.

Malam Ilu: Wannan da jiki ya ce a'a, Dakta, ba da baki ba. Kin dawo da ni wurin akuyata.

Baban Hanif: Malam, in an kai lasifikar aka kunna atishawa 10 karnuka suka miƙe fa?

Malam Ilu: In suka miƙe, a sake kunna musu tari 10 da hamma 10. In nan ma suka miƙe, hayaniya ce ta hana su barci. In suka yi kwanciyarsu sai da atishawar, ka turo min, ni da kaina zan rubuta a zauren nan cewa kare ya kayar da ni.